Zaman Gidan Haya A Cikin Gilashi

Akwai wata magana da ta yaɗu a duniya, wai kallon kifi yana yawo a cikin akwatin gilashi yana kwantar da hankali. Shi ya sa za ka tarar da irin wannan akwati a ɗakin jiran likitan haƙori, ko a zauren manyan otal-otal, an haska masa fitila, kifaye ja da shuɗi da rawaya suna kai da komowa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga wanda zai kalla na minti biyar ya tashi ya kama gabansa. Amma wanda ya ajiye akwatin a gidansa, yake ba da abinci safe da yamma, ya san cewa rabin abin da baƙo yake ɗauka wasa ne, rikicin iyaka ne, kuma a wasu lokuta har rai yakan salwanta. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu dai aiki ne ya kai mu zama a Jidda, a bakin Bahar Maliya, kuma a nan muka kamu da sha'awar kiwon kifin teku a gida. Akwatinmu tsawonsa mita 1.8 ne, yana cin ruwa kusan lita 600, yana tsaye a falo jikin bango. Kiwon kifin ruwan gishiri yana da ƙa'idoji da yawa waɗanda mutum zai iya aunawa da na'ura. Gishirin ruwa ana son ya tsaya a kan kusan giram 35 a kowace lita, kamar yadda yake a yawancin tekunan duniya, ko da yake ita Bahar Maliya da ke maƙwabtaka da mu tana kaiwa 40. Ɗumin ruwa ana riƙe shi tsakanin digiri 24 zuwa 26. Duk waɗannan in sun kauce, akwai abin awo da zai gaya maka. Abu ɗaya ne ba a sayar da ma'auninsa a kanti, wato zaman lafiya tsakanin mazauna akwatin. Wannan sai da ido, da haƙuri, da sanin halin kowa.

Kafin mu shiga labarin namu gidan, yana da kyau mai karatu ya san dalilin faɗan. Wani masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Konrad Lorenz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya wallafa littafi a kan faɗa tsakanin dabbobi a 1963, kuma da kifayen murjani ya buɗe shi. Ya yi nutso a gaɓar Fulorida ta Amurka, ya kuma zuba wa kifayen ido a akwatunan ɗakin bincikensa yana ƙirga cizo. Abin da ya gani shi ne yawancin cizon da kifi mai launi ƙyal-ƙyal yake yi, ɗan uwansa na jinsi ɗaya yake kai wa. In bai sami ɗan jinsinsa ba, sai ya huce a kan wanda ya fi kama da shi a launi ko a siffa. Dalilin bai da wuyar ganewa. Wanda ya yi kama da kai, abincinku ɗaya, makwancinku ɗaya, matar da kake nema ita yake nema. Mai sayar da goro ba ya kishi da maƙeri, da mai faifan goro na kusa da shi yake yi. Masana na baya sun yi wa Lorenz gyara a wurare da dama, amma wannan abin da ya lura da shi duk mai akwati zai shaida shi da idonsa.

To, a cikin teku wannan faɗa da wuya ya kai ga kisa. Mai gida ya buɗe fikafikansa, ya yi kurari, ya bi baƙo mita biyu ko uku, baƙo ya ba da ƙafa, magana ta ƙare. Gudu shi ne ban haƙurin kifi. A cikin gilashi kuwa wanda aka kora ba shi da wurin zuwa. Ya gudu ƙarshen akwati, bango ya dawo da shi, mai gida ya sake ganinsa, a wurinsa kuma wannan taurin kai ne, an ce ka tafi ka ƙi tafiya. Haka za a yi ta yi dare da rana har ɗaya ya gaza. Saboda haka muke kwatanta akwatin da gidan haya, inda aka tara mutanen da ba su zaɓi juna ba, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, sai dai shi wannan gidan an toshe ƙofarsa, mu ne kuma muke riƙe da makulli.

Kowane mazauni da irin nasa dalilin faɗa. Akwai wasu ƙananan kifaye da ake kira damsal, yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba, suna da arha, suna da jure wahala, shi ya sa sababbin shiga suke rububinsu. Da yawa daga cikinsu manoma ne. Wasu masana biyu 'yan Japan, Hiroki Hata da Makoto Kato, sun nuna a 2006 cewa wani nau'in damsal yana noman wata gansakuka ta musamman a kan dutse, yana cire wadda ba ya so da bakinsa ya kai ta bayan gona ya zubar, kamar dai yadda ake cirar ciyawa da damina. Wanda yake da gona dole ya yi gadi. Shi ya sa za ka ga wannan ɗan mitsitsin kifi ya tasam ma wanda ya ninka shi sau goma, har mai nutso yakan kai wa cizo. In ka sa shi a akwati da wuri, kafin sauran su zo, to duk akwatin ya zama gonarsa. Mu ba mu taɓa ajiye shi ba, domin duk wanda muka sani da ya ajiye, ƙarshenta sai da ya kwashe duwatsun akwatinsa kaf kafin ya iya kama shi.

Sai kifin nan mai ruwan lemo da zane fari uku, wanda yara suka sani da Nemo tun fitowar fim ɗin a 2003. Muna da biyu, suna zaune a kusurwar hagu. Tsarin gidansu abin mamaki ne. A cikin kowane gida nasu mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne miji, sauran kuwa 'yan zaman jira ne, ba su haihuwa. Hans Fricke da Simone Fricke sun bayyana a 1977, daga binciken da suka yi har da nan Bahar Maliya, cewa in macen ta mutu mijin ne yake rikiɗa ya zama mace, na bayansa ya hau matsayin miji, kuma da tsangwama ake riƙe wannan jeri. A 2003 wani masani mai suna Peter Buston, wanda ya yi aikinsa a Papuwa Niugini, ya gano cewa kowane na ƙasa yana taƙaita girman jikinsa, ya tsaya a kan kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke gabansa, don kada a gan shi a matsayin mai neman kujera a kore shi. In aka ɗauke na gaba, sai ya saki jiki ya girma. A 2024 kuma masu bincike a Okinawa ta Japan suka sa wa irin waɗannan kifaye gumaka masu zane ɗaya da biyu da uku, suka tarar mai zane uku, wato mai kama da su, shi ya fi shan duka. Darasin da mai akwati zai ɗauka a nan a bayyane yake. In za ka haɗa biyu, ka sayo babba da ƙarami. Namu da muka kawo su, ƙaramin ya yi kwana uku yana karkata jiki yana karkarwa a gaban babbar, wanda shi ne gaisuwar ban girma a wurinsu, daga nan ba mu sake jin kansu ba. In da girmansu ɗaya ne, da kowa ya ce shi ne uwargida.

Na uku shi ne wanda mu a gida muke kira wanzami. Kifi ne mai faɗi kamar faifai, mai ɗan tsinin baki, yana wuni yana kiwon gansakuka a jikin duwatsu. A gindin wutsiyarsa, kowane gefe, akwai wata ƙaya mai kaifi kamar aska, tana kwance a cikin kube, sai in faɗa ya tashi yake miƙe ta. In ka ga wanzamai biyu sun jeru gefe da gefe, kai da wutsiya, suna kaɗa gindi, to ba rawa suke yi ba, kowa yana neman inda zai tsaga ne. Namu rawaya ne shar kamar garin ɗorawa, asalin irinsa daga tekun Hawai, yara suka sa masa suna Ɗorawa. Irinsa yakan kai santimita 20, kuma a teku yana iya wuce shekara 30 a raye. Wanda ya saye shi ya ɗauko zama ne mai tsawo.

Ba kowace hayaniya ce take buƙatar shiga tsakani ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in an kawo sabon kifi dole a yi kwana biyu ko uku ana 'yar tsere kafin kowa ya san matsayinsa. Abin da muke dubawa guda huɗu ne. Shin wanda ake kora yana fitowa cin abinci? Shin fikafikansa sun fara yagewa? Shin ya koma maƙalewa a saman kusurwa, bayan famfo, inda kifi mai lafiya ba ya zama? Shin launinsa ya dushe, numfashinsa ya yi sauri? In an ga biyu daga cikin waɗannan, magana ta wuce wasa. Sau da yawa ma ba raunin ne yake kisa ba. Fargaba ta yau da gobe tana karya garkuwar jikin kifi, sai wata cuta mai fitowa kamar an barbaɗa masa gishiri ta kama shi, wanzamai kuwa sun fi kowa saurin kamuwa da ita, daga kansa kuma ta bi sauran. Wani kuma tsalle zai yi ya faɗo ƙasa cikin dare, shi ya sa akwatinmu kullum da murfin raga.

Rigakafin da masu wannan sha'awa suka gada daga juna ba shi da yawa, amma yana aiki. Ana fara sa masu sanyin hali, a bar su su kama wuri, masu zafin rai su zo daga ƙarshe. Ana guje wa haɗa biyu masu siffa ɗaya ko launi ɗaya. Ana jera duwatsu yadda za su tare ido, a yi koguna da lunguna fiye da yawan kifayen, domin kifi in bai ga abokin gabarsa ba yakan manta da shi. Wani bincike da Ronald Oldfield ya wallafa a Amurka a 2011, duk da a kan kifin ruwan daɗi ya yi shi, ya nuna faɗa yana raguwa sosai in wuri ya yi faɗi kuma aka cika shi da maɓoya. Sannan ana raba abinci wuri biyu, a maƙala busasshen ganyen teku a wannan ƙarshe da wancan, don mai ƙarfi ba zai iya tsare ƙofa biyu a lokaci ɗaya ba. Da waɗannan muka yi shekara huɗu lafiya lau, Ɗorawa yana sarautarsa, ba ya taɓa kowa tun da babu mai kama da shi.

Ana nan sai aikin wani maƙwabcinmu ya ƙare, aka ba shi mako biyu ya tattara ya koma ƙasarsu. Shi ma yana da akwati, ya sayar da komai, saura kifi ɗaya da ya ƙi sayarwa, wani wanzami ɗan asalin Bahar Maliya, jikinsa shunayya, wutsiyarsa rawaya, wanda ya raina tun yana kamar kwabo. Ya zo har gida da shi a bokiti, ya ce: "Maƙwabci, ba ni da wanda zan bar wa wannan sai ku. Amana ce." Mun san abin da ke tafe, domin shi da Ɗorawa 'yan gida ɗaya ne a wurin masana, siffarsu ɗaya kamar an buga su a hatimi, launi kawai ya raba. Mun gaya masa haka, ya ce ya sani, amma mu gwada, in ta ƙi mu yi abin da muka ga ya dace. Mutum a kan hanya, ga bokiti a ƙofa, ba a cewa a'a.

Muka sa wa baƙon suna Shuni. Mako huɗu ya yi a wani ƙaramin akwati shi kaɗai, don mu tabbata bai zo da cuta ba, ya kuma yi ƙiba. Daga nan muka sa shi cikin wani keji na roba mai haske mai huji-huji, muka rataya a cikin babban akwatin, yadda za su ga juna ba tare da aska ta kai ga jiki ba. Ranar farko Ɗorawa bai ci abinci ba. Wuni ya yi yana zagaya kejin, fikafikai a miƙe kamar an buɗe laima, yana dukan roba da gindin wutsiya har muna jin ƙarar daga kan kujera. A rana ta biyar ya rage, a ta bakwai ya koma kiwonsa, sai jifa-jifa yake leƙowa. A daren rana ta takwas muka sauya wa duwatsun zama gaba ɗaya, don tsohon gida ya zama baƙon wuri ga kowa, muka kashe fitila, muka buɗe keji.

Da gari ya waye muka manna madubi a jikin gilashin daga waje. Wannan dabara ce sananniya. Mai gida in ya ga wani rawaya irinsa sak, wanda ya fi Shuni kama da shi, sai ya bar baƙo ya koma faɗa da inuwarsa. Ta kuwa yi aiki, kwana uku Ɗorawa yana fama da abokin gabar da ba ya gudu, Shuni ya sami sararin zagaya gida ya zaɓi kogon kwana. Sai dai madubi ba ya daɗewa. Masana a Osaka sun nuna a 2019 cewa wani ɗan kifi mai sana'ar tsince ƙwari daga jikin manyan kifaye yakan fara da kai wa madubi hari, bayan 'yan kwanaki ya daina, har ya riƙa duba jikinsa a ciki. Ko Ɗorawa ya gane kansa ne ko gajiya ya yi, a rana ta huɗu ya juya wa madubi baya ya nufi Shuni.

Mako biyu aka yi ana abu ɗaya. Da rana a raba akwati biyu, kowa da ɓangarensa, da magariba kuwa, lokacin da kowane kifi yake neman makwanci, sai faɗa ya tashi. Muka ɗauke Ɗorawa muka kai shi ƙaramin akwati na kwana goma, wai ko in ya dawo zai dawo a matsayin baƙo. Abin da ya faru shi ne Shuni ya murmure, ya mallaki gida, da tsohon sarki ya dawo sai aka juya, mai kora ya zama abin kora. Wata safiya muka tarar da tsaga a gefen Ɗorawa mai tsawon rabin yatsa, yana maƙale a bayan famfo, bai fito cin abinci ba. Alama uku cikin huɗu sun cika. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle garin da tsawonsa bai kai taku uku ba.

A nan ne aka yi zaman shawara a gidanmu, kuma ba zama mai daɗi ba ne. Yara suka ce a fitar da Shuni, tun da shi ya zo ya tarar, shi kuma ya yi rauni. Uwargida ta ce amana ba a mayar da ita kanti, inda ba a san hannun da za ta faɗa ba. Wani daga cikin yaran ya ce ai ga teku nan kusa, a kai shi gidansu. Wannan muka ƙi nan take, domin kifin da ya yi shekaru a akwati tare da kifayen wasu tekuna yana iya ɗaukar cutar da zai kai wa na daji, kuma bai san neman abinci da guje wa maƙiyi ba. Da muka natsu sai muka ga tambayar da ta fi dacewa ita ce wanne daga cikinsu zai fi jure ƙaura. Ɗorawa yana da rauni, shekara huɗu bai san wani ruwa ba sai wannan. Shuni kuwa lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa ya kawo, irinsa ma yakan fi girma, nan gaba lita 600 za ta yi masa kaɗan ko da shi kaɗai ne. Muka yi mako uku muna cigiya, shi yana jira a ƙaramin akwati, har muka sami wani mai akwatin da ya ninka namu, wanda ba shi da wanzami mai irin wannan siffa. Muka je muka ga wurin da idonmu kafin mu miƙa. Muka rubuta wa maƙwabcinmu abin da aka yi, muka haɗa da hoto. Amsarsa gajeruwa ce, ya ce riƙon amana ke nan. Tsagar Ɗorawa ta warke cikin wata guda, ta bar ɗan tabo da sai wanda ya sani yake gani.

Tun daga lokacin muka daina amfani da kalmar mugu in ana maganar kifi. A cikin mako shida mun ga kifi ɗaya ya zama azzalumi ya kuma zama abin tausayi, halinsa bai canza ba, wuri ne da lokaci suka canza. Shi abin da aka halicce shi a kai yake yi, wato tsare inda zai ci da inda zai kwana. Wanda ya zaɓi faɗin gidan, ya zaɓi 'yan hayar, ya kuma toshe ƙofa, shi ne mai amsa tambaya in an kwana da gawa. Saboda haka shawararmu ga duk wanda kyan waɗannan halittu ya ja shi zuwa kanti ita ce ya tafi da takarda a aljihu, wadda ya rubuta sunan duk kifin da yake son ajiyewa, da girman da kowanne zai kai in ya manyanta, da wanda zai fara shiga da wanda zai zo ƙarshe. Ya kuma tanadi ƙaramin akwati na biyu tun kafin ya buƙace shi, ya san mutum ɗaya ko biyu da za su iya karɓar kifi in zama ya ƙi. In ya ga wani kyakkyawa wanda ba ya cikin takardar, ya kalle shi iya son ransa a can kantin, ya yi wa mai kanti sallama ya dawo gida.